Kwanon Soro

Warin sholisho ne ya dawo mini da shi. Ranar nan tayata ta sace a kan titin Zariya, na tsaya wajen mai faci, yaron ya buɗe ɗan gwangwaninsa ya lakato da yatsa, sai warin nan mai hawa kai ya bugi hancina, kafin in ankara na koma ɗan shekara goma sha ɗaya, ina tsaye a bakin soron gidanmu da kwano a hannu, sanyin jaura yana tsaga mini leɓe, ina ta ƙunƙuni. An doshi shekara arba'in ke nan. Ashe hanci ba ya mantuwa.

Soron namu ginin ƙasa ne, rufin azara, da dakali a hannun dama inda Baba yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar, da randa a kusurwa an rufe ta da faifai an kifa moda a kai, da alkuki a jikin bango wanda hayaƙin aci-bal-bal ya baƙanta tun kafin a haife ni. Idan ka shiga, ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa ne zai fara tarbarka, sannan na tabarmar kaba, sannan wani ɗan wari-wari na jemagun da suka mai da azara gidansu. Ƙofar cikin gida ake sa wa sakata. Ƙyauren waje kuwa turawa kawai ake yi, a tokare da dutse saboda awaki. Na sha fitowa da asuba in tarar da mutumin da ban taɓa gani ba yana naɗe tabarma: mai ci-rani, ko wanda ya kawo mara lafiya Asibitin Murtala dare ya yi masa, ko wani dattijo da ya zo daga ƙauyensu biyan bashi a Kasuwar Kurmi motar garinsu ta tafi ta bar shi. Ba na jin an taɓa tambayar wani ko yaushe zai tafi, sai dai a tambaye shi ko ya ci abinci.

Shi wannan dai daban ne. Ladan ne ya tsinto shi a hunturun 1986, a ƙofar masallacin unguwa, ya dunƙule cikin kwali kamar ɗan kyanwa, da wani tsumma a damƙe a hannunsa wanda ko da aka tashe shi bai sake ba. Mutane suna tsallake shi suna shiga sahu. Da aka sallame, Baba ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce wa yayana, “Kama masa, ku kai shi soro.” Ba zai wuce shekara ashirin ba a lokacin. Daga baya muka ji labarinsa guntu-guntu: daga wani ƙauye ya taho ci-rani shekarar da gero ya ƙi, ya yi dako a Kasuwar Sabon Gari, yana kwana a rumfuna har masu gadi suka kore shi, ya koma Tashar Kuka, a can ne wasu suka nuna masa cewa in ka shaƙi tsumman nan ba ka jin sanyi, ba ka jin yunwa, ba ka tuna gida. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu yana da jikoki. A gidanmu Baƙon Soro muke ce masa.

Tun bayan rikicin da ya faru a 'Yan Awaki a 1980, ba a ajiye baƙo ya daɗe ba tare da Mai Unguwa ya sani ba, don haka a daren nan bayan an ci ciyayya, akusa da langa-langa suna jere ba a kwashe ba tukuna, Baba ya kawo maganar a gaban kowa. Ina raɓe a bayan ƙyaure ina ji. Wani ya ce a kai shi wajen 'yan sanda. Wani ya ce a haɗa masa kuɗin mota ya koma garinsu, sule-sule ma ya isa. Mai Unguwa ya bari kowa ya gama, sannan ya juya wajen Baba ya ce, “Malam, kai ka ɗauko shi. Me za ka iya?”

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, makwanci da tuwon dare. Iyakata ke nan.”

Wannan amsar ta daɗe tana ba ni mamaki. Ni a zatona Baba zai ce ya ɗauki komai, don haka nake ganinsa a lokacin, mutumin da babu abin da ya fi ƙarfinsa. Sai ga shi ya yanki ɗan abin da zai iya ya ajiye sauran a tsakiyar tabarma. Aka yi shiru. Can sai mijin mai koko ya ce kokon safe da ƙosai biyu daga gidansa. Liman ya ce ya riƙa zuwa tsakanin magariba da lisha, in ma ba zai yi karatu ba ya zauna kusa da masu yi. Maƙwabcinmu malamin asibiti ya ce zai duba tarin nan da gyambon ƙafarsa. Mai shayin bakin layi, wanda ba ya tashi sai dare ya raba, ya ce shi dai ido zai sa, duk wanda ya fita daga lungun nan ta gabansa zai wuce. Aka aika wa mai facin kekuna, aka ce daga yau in ya tashi ya riƙa tafiya gida da gwangwaninsa.

Saura sana'a. Wani baduku da ke ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai ya ce a ba shi shi, yana neman yaro. Har an fara sa albarka, sai muryar Kaka ta fito daga bayan asabari, don ita ba a hana ta sa baki ko da maganar maza ce: “Da me ake liƙa takalmin? Ku ba kura ajiyar nama ku ce kun yi taimako!” Aka kwashe da dariya, shi kansa badukun har da riƙe ciki. A ƙarshe wani marini daga Ƙofar Mata ya ce to a kawo masa shi karofi.

Ni kuma rabona shi ne kwano.

Wata tsohuwar langa ce mai jan fure, fentin bakinta ya ɓantare a wuri biyu, murfinta ma ba nata ba ne, aro ne daga wata samira da ta fashe. Kullum bayan lisha Inna za ta sa malmala biyu ta tuwon dawa, ta zuba miyar kuka, ranar da aka samu ta ɗiga man shanu, ta ce, “Kai wa Baƙo.” Ni kuwa na tsane shi, kuma har yau ina neman dalilin. Wataƙila warin jikinsa ne, wataƙila idanun nan jajaye da ba sa tsayawa wuri ɗaya, wataƙila don yaran layi sun fara ce mini ɗan gidan mahaukaci. Sai in je bakin soro in dire kwanon a ƙasa in tura shi ciki da ƙafa, in juya da gudu. Kai, yaro! Wa ya koya maka wannan? A gidan da ka tashi ko kare ba a tura wa abinci da ƙafa.

Ranar da Kaka ta gan ni ba ta yi faɗa ba. Ta kira ni ɗakinta, ɗakin nan mai ƙamshin turaren wuta da daddawa, ta ce, “Maigidana, yau ba ka da tuwo a cikin gida. Naka yana cikin langar Baƙo. Je ka ku ci.” Na yi kuka, na yi birgima, Inna ta kau da kai kamar ba ta san ni ba. Yunwa ce ta kai ni. Na zauna a ƙarshen tabarma, fitila tana rawa a alkuki, ya buɗe murfin, hannunsa yana karkarwa har lomar tana zubewa kafin ta kai baki. Ba mu ce wa juna komai ba. Akwai ɗan guntun nama guda ɗaya a cikin miyar, irin wanda Inna take ɓoyewa a ƙasan tuwo, da yatsansa ya ci karo da shi sai ya turo shi gefena a hankali, bai ko dube ni ba. Na cinye. Wannan ne abin da ya fi ba ni kunya, na cinye ban ce masa ya ci ba.

Makonnin farko ba a yi barci sosai a gidanmu ba. Ta jikin bango nake jin sa yana cizon haƙora, yana kiran wata mata da nake zaton uwarsa ce, wani lokaci yana kakarin amai, sai in ji takun Baba, da ƙarar shantali, da ƙwas-ƙwas ɗin carbi har in koma barci. Sau biyu mai shayi ya maido shi daga bakin titi da tsakar dare, da kofin shayi a hannu, kamar dai hira suka fito. Malamin asibiti yakan shigo da safe da kakinsa fari, ya wanke gyambon da ruwan gishiri, ya ce wa Baba kada a ɗaure shi, kada a doke shi, a dai riƙa ba shi ruwa da abinci, jikin ne yake neman abin da ya saba. A lokacin ko hukumar NDLEA ba a kafa ba, sai a 1989. Abin da muke da shi ke nan, mutanen lungu ɗaya.

Da ya ɗan murmure aka kai shi karofi. Wani lokaci akan aike ni in kai masa saƙo, in bi ta gefen asibiti in shiga wajen rijiyoyin rinin nan da allon bakin ƙofarsu yake cewa tun 1498 suke, warin baba da toka ya cika wurin, wani irin wari mai tsami da ke bin tufafi har gida. Sai in same shi a tsugune yana tsoma farin yadi yana ɗagowa, yadin ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a kan idonka. Da rana kuma yana mabuga, su biyu suna fuskantar juna a kan gungume, tim, tim, tim, hannu yana amsa wa hannu. Marinin ya ce da gangan ya haɗa masa da bugu, wanda ya wuni yana ɗaga wannan icen ba ya bukatar komai kafin barci ya ɗauke shi. Hannayensa suka rine har wuyan hannu, farcensa ya koma baƙi. Kuɗin da yake samu ba a ba shi duka, marinin yana kawo wa Kaka rabi, ita kuma ta jefa a asusun ƙasa da ta ɓoye cikin adudu. Ita har lokacin fam take ce wa naira biyu, sai ta riƙa ce masa, “Ɗan nan, ka kusa fam talatin.”

Bayan babbar salla ya ɓace, da shi da rediyon Baba.

Na yi murna. Allah ya yafe mini, har da tsalle na shiga gida ina cewa ai dama na faɗa. A wajen ciyayya ranar nan murya ta tashi, waɗanda tun farko ba su so ba suka samu bakin magana, wani ya ce in an kamo shi gidan mari kawai za a kai shi. Na san ƙarar mari. Akwai yaran da mukan gani wani lokaci an fito da su ɗibar ruwa, ƙarfe a ƙafafu, suna tafiya da ɗan gajeren taku, kacau, kacau, kansu a sunkuye. Liman ya ce shi bai yarda ba, malamin asibiti ma ya ce bai yarda ba. Baba bai ce komai ba, sai washegari da ya sa takalminsa, shi da marinin da mai shayi, suka shiga nema: Fagge, Tashar Kuka, rumfunan Sabon Gari, gindin ganuwa. A rana ta tara suka same shi a bayan wata silima, da tsumma a hannu. Shuɗin hannun ne ya tona shi, wani mai tsire ya ce ai ya ga wani marini yana kwana a nan.

Da suka shigo da shi ina tsakar gida. Na ji Baba yana ce wa Inna, “A zuba wa Baƙo tuwo.” Maganar rediyo kuwa har Baba ya koma ga Allah ban ji ya tayar ba, ya dai koma jin labaran duniya a teburin mai shayi. Sau uku Baƙon ya yi irin wannan ɓatan cikin shekara biyu, sau biyu ana zuwa ana ɗauko shi, a na ukun kuwa da ƙafarsa ya dawo, muka tashi da asuba muka gan shi a kan tabarmarsa. Kada in yi wa kaina ƙarya, ba kowa aka ci nasara a kansa ba. Bayansa an ajiye wani yaron a soron gidan Liman, aka yi masa duk abin da aka yi wa wannan, wata rana ya fita bai dawo ba, har yau babu labari.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin labarin kirkin Baba. Sai da na manyanta na zauna ina ƙirga hannaye: Baba, Inna, Kaka, mai koko, Liman, ladan, malamin asibiti, mai shayi, mai faci, marini, Mai Unguwa da ya sa kowa ya faɗi nasa da bakinsa a gaban jama'a. Da Baba shi kaɗai ya ɗauka, da wata biyu ya gaji, don shi ma ɗinki yake yi da keke ɗaya yana ciyar da mutum tara. Babu wanda ya ba da abin da zai karya shi, shi ya sa babu wanda ya janye.

Abin da ya sa na yi wannan ƙirgar, ɗan ƙanwata ne. A 2018 uwarsa ta kira ni tana kuka, ta ce ta tarar da kwalaben maganin tari a cikin silin ɗakinsa, ba ɗaya ba, ba goma ba. Shekarar ce BBC ta fito da fim ɗin nan a kan kodin, aka nuna samari a ɗaure a wata cibiya a Ɗorayi, gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin da haɗa shi cikin watan Mayu. Daga baya aka ce binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano mutum miliyan 14 da dubu 300 ne suke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. Ni dai guda ɗaya na sani, wanda na yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Kafin mu farga ya bar gida, ya koma kwana a wani kango da abokansa. Wasu dangi suka ce gidan mari, sai kacau-kacau ɗin nan ya dawo mini a kunne, na ce a'a. Ba a fi shekara ba 'yan sanda suka buɗe wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Asibitin Dawanau muka kai shi. Da aka zo sallama, likitan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Alhaji, mu namu na 'yan makonni ne. In ya fita, wa da wa za su karɓe shi?” Na buɗe baki in lissafa, sai na ga daga ni sai uwarsa. Gidana yana sabuwar unguwa, katanga doguwa da waya a kanta, get na ƙarfe, babu soro, mai zanen gidan ma bai tambaye ni ko ina so ba, ni ma ban tuna ba. Maƙwabcina na dama gaisuwar mota muke yi. Kuma duk tsawon watannin nan ɓoye maganar muke yi, muna ce mata rufin asiri, alhali Baba a gaban akusan ciyayya ya baje tasa.

Sai na wuce Ƙofar Mata. Rijiyoyin da yawa sun bushe, an cika wasu da shara, amma bugu yana nan, tun daga titi nake jin sa. Na sami Baƙon Soro a zaune a kan benci, gemu ya yi fari fat, yara uku suna aiki a ƙarƙashinsa. Ya miƙo mini hannun nan da shuɗi ya zauna a cikin tsagoginsa, ya ce, “Ɗan Malam! Yau kai ne a gari?” Na faɗa masa abin da ya kawo ni, ina magana ina kallon ƙasa kamar ni na sha. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Kawo shi. Aiki dai zan iya ba shi, daga safe zuwa la'asar. Sauran ka nemo masu kamawa.” Na yi dariya har da ƙwalla, bai san me ya ba ni dariya ba.

Na nemo. Na cire kunya na je wajen limamin masallacinmu, na je wajen mai shagon bakin layi, na buga get ɗin maƙwabcin nan nawa a karon farko, ashe shi ma nasa ɗan yana ciki. Yaron ya faɗi sau biyu tun daga lokacin, an ɗauko shi. Yanzu dai yana zuwa aiki, ranar asibiti kuma uwarsa ce take raka shi. In na fito da sassafe na bi ta gadar Ƙofar Nasarawa, nakan ga wasu a kwance a ƙarƙashinta cikin kwali, in rage gudu, in kuma wuce.

Langar tana wajen yayata, tana zuba wa kaji dusa a ciki. Da na bar wajen mai facin ranar nan sai na karkata na bi ta tsohuwar unguwa, don in ga soron. Bayan rabon gado an toshe ƙofarsa ta ciki, an yi masa siminti, an ba da shi haya. Alkukin yana nan, an sa soket a ciki. Shagon cajin waya ne yanzu, ƙarfe tara na dare ake kulle shi.